Cinikin Salla: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Yau ina so mu tattauna a kan wata magana wadda ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, watau yadda mata masu sana'a a cikin gida suke shan wahalar cinikin Salla, amma in an sauko daga idi, an gama hawa, baƙi sun watse, sai mace ta zauna ta duba ta ga ba abin da ya rage mata sai ciwon baya da bashi a hannun mutane.

Bari in fara da abin da na gani da idona. A unguwarmu akwai wata baiwar Allah wadda kowa ya shaida ta iya ɗinki, har daga wasu unguwanni ake aiko mata da kaya. Wata shekara, tun daga farkon azumi duk wadda ta kawo zane sai ta karɓa. Ba ta ce wa kowa a'a ba, ba ta kuma rubuta kome ba, wai kanta ya isa ya riƙe. Kafin azumi ya kai 15, atamfa da leshi da shadda sun yi tsibi a kan gado, har yaranta suka koma kwana a tabarma. A goman ƙarshe ta daina barci, daga buɗa-baki sai keke har sahur. Ana saura kwana 3 Salla keken ya lalace, mai gyara kuwa shi ma layi ake yi a wurinsa. Daren Salla na shiga gidan na tarar da tsakar gida cike da mata da yara, wannan tana kuka, waccan tana zage-zage. Ana cikin haka sai aka ga ta yanka atamfar wata amarya da awon wata mata dabam, dole ta kwance lalita ta biya kuɗin turmin. Bayan Salla mako biyu ta yi a kwance.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, gida biyu ne tsakaninta da wata yarinya wadda ta gama koyon ɗinki, ga kekenta sabo, amma ta yi azumin nan kusan a zaune. Da matar ta sami sauƙi na je gaishe ta, na ce, "Yaya, me ya hana ki tura wa 'yar gidan nan ko da kayan yara ne ta rage miki?" Sai ta ce, "Haba Malama, in na tura mata masu kawo mini aiki, ai ta ƙwace mini su ke nan." To, ga shi dai ba ta tura ba, amma da Babbar Salla ta zo, da yawa daga cikinsu ba su sake taka ƙofar gidanta ba.

Kada mu raina wannan ciniki namu na cikin gida don ba shi da rumfa a kasuwa. Tun kaka da kakanni mata suke sayar da hatsi da mai da ƙuli-ƙuli da fura ta bayan danga, har wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta yi rubutu a kansa a 1969 ta kira shi ciniki na ɓoye. Ki duba kanki ranar Salla. Ɗinkin da ke jikinki, da kitson da ke kanki, da lallen ƙafarki, da turaren wutan da kika turara, da cincin da dubulan da alkakin da kika ajiye wa baƙi, har hular da ke kan maigida, nawa ne ba daga hannun wata mace suka fito ba? Kuɗi masu yawa suke juyawa. Tambayar ita ce, don me ba sa zama a hannunmu? A ganina abu biyu ne suke cin mu: ba ma shiri da wuri, sa'an nan kowacce tana ɓoye wa 'yar'uwarta sana'arta kamar mai ɓoyon asiri.

Mu ɗauki na farko. Salla ba mutuwa ba ce da za a ce ta zo ba sallama. Kowa ya san lokacinta, ƙaramin yaro ma yana ƙidaya kwanakinta. Duk da haka sai ki ga mai tuyar cincin ba ta aika sayen fulawa da sukari da mai ba sai azumi ya kai 20, lokacin da duk garin ya ɗunguma zuwa kasuwa, kaya sun yi tsada, kuɗin mota ma ya tashi. Ni a wurina cinikin Ƙaramar Salla tun a Rajab ake ƙulla shi, watan azumin tsofaffi. A nan ne za ki kai keke a duba shi, ki sayi zare da allura da zif, ki tuntuɓi waɗanda suka saya a wurinki bara ki ji ko bana suna so. A Sha'aban kuma ki sayi duk abin da ba ya lalacewa ki ajiye. In azumi ya kama, aiki kawai ya rage, ba yawon kasuwa da ƙishirwa ba.

Akwai kuma wani abu da ba kowa ke lura da shi ba. Shekarar watannin Musulunci kwana 354 ce ko 355, watau ta gaza ta Turawa da wajen kwana 11, shi ya sa Salla take ta ja baya. A 2019 an yi Ƙaramar Salla ran 4 ga Yuni, a 2022 ran 2 ga Mayu, a 2025 kuwa ran 30 ga Maris. Ma'anar wannan ita ce azumi ya baro zafin bazara yana shiga cikin hunturu. Wadda ta saba cin riba da ƙanƙara da zoɓo mai sanyi a azumin zafi, ya kamata ta fara tunani tun yanzu, domin mai azumi a cikin sanyi kunu mai zafi da shayi zai nema. Amma ga mai ƙosai da kunun gyaɗa da kunun tsamiya alheri ne, don azumi yana ƙara matsowa kusa da kaka, lokacin da gero da wake da gyaɗa suka fi araha. Wadda ta sayi wakenta da kaka ta zuba a irin buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda in an ɗaure shi iska ba ta shiga har ƙwari su mutu ba tare da an sa magani ba, ba za a haɗa ribarta da ta mai sayen mudu ɗaya kullum ba.

Bayan lokaci sai lissafi, kuma a nan ne nake so ku ba ni aron hankalinku. Ke mai ɗinki, kin fi kowa sanin kala nawa kike iya gamawa a rana ba tare da kin ɓata aiki ba. A ce kala 2 ne. Azumi kwana 29 ne ko 30, mu ɗauki 29. Ki cire kwana 3 na ƙarshe domin guga da gyaran abin da ya matse ko ya yi yawa. Ki sake cire kwana 4 saboda tsautsayi: yaro ya yi zazzaɓi, ko an ɗauke wuta, ko an yi rasuwa a dangi. Saura kwana 22, watau kala 44. To, kala na 45 ba rabonki ba ne, ko da kuwa uwar ɗakinki ce ta kawo. Taura biyu ba ta taunuwa. Haka nan mai kitso da mai lalle, su da aikinsu yake taruwa a kwana 3 ko 4 na ƙarshe, sai kowacce ta san kai nawa take iya yi daga hantsi zuwa la'asar, ta ba kowa ranarta da lokacinta, maimakon a cika mata ɗaki tun asuba ana faɗa a kan wa ya riga wa.

Ga kuma lissafin riba, wanda yawancinmu muke yi da ka, shi ya sa yake ruɗin mu. Bari in ba da misali. Mace ta sayi kayan cincin na naira 50,000, ta soya ta sayar a kan naira 65,000, sai ta yi ta murna wai ta ci 15,000. Ta manta ta sayi gawayi na 4,000, da robobin zubawa da leda na 3,000, ta biya kuɗin adaidaita-sahu 2,000, mai POS kuma ya yanki 1,000 wajen cire mata kuɗi. Saura 5,000. A cikin masu sayen kuwa akwai wadda ta ɗauki na 6,000 ta ce sai bayan Salla. Ashe har zuwa ranar da za ta biya, mai cincin faɗuwar naira 1,000 ta yi, ban da kwana ukun da ta yi a gaban kasko da bakin azumi, ban da wanda yara suka ɗiba, ban da wanda aka zuba wa baƙin maigida. Littafin rubutu mai rahusa irin na 'yan firamare ya isa ya tona wannan asiri, in dai duk abin da ya fita da wanda ya shigo ana rubuta shi a ranar.

Maganar bashi kuwa, na san za a ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne, amma jarin mace mai sana'a a ɗaki bai kai ya ɗauki bashin unguwa ba. Ki karɓi kafin alƙalami, aƙalla rabin kuɗin, kafin ki sa almakashi a zane ko ki kwaɓa fulawa, sauran kuma ranar da aka zo karɓa. Baƙuwa ba ta cika gardama a kan wannan ba. Masu wuyar su ne na jiki: ƙanwar miji, da matar wa, da ƙawar da kuka yi makaranta tare, waɗanda kunya ba za ta bar ki ki bi su ba. Wanda kika yi niyyar yi kyauta, ki yi shi kyauta tun farko, ki san a cikin ribarki ya fita. Wanda ba kyauta ba kuwa, ki faɗi kuɗinsa da fara'a tun ranar da aka kawo.

Haka nan kuma maigida. Ya kamata ya san shirinki, domin da yardarsa mata za su yi ta shiga gidan har dare, wataƙila ma shi za ki aika kasuwa. Amma akwai mazan da, da zarar sun ga kuɗi sun fara shigowa, sai su noƙe a kan cefane da kayan Sallar yara, ko kuwa su ce, "Ara mini, in an yi albashi zan ba ki." Ba na hana mace taimakon mijinta, musamman a wannan zamani na tsadar rayuwa. Abin da nake cewa shi ne, dukiyar mace tata ce, addini ma haka ya ce. In taimako ne, ya fito daga riba. In rance ne, a rubuta. Uwar kuɗi kam ba a taɓa ta, ko don maigida, ko don ke kanki kin hango wani leshi a hannun dillaliya.

Yanzu sai abu na biyu, wanda shi ne ya kayar da maƙwabciyata. Abin mamaki, mu mata mun fi kowa iya haɗa kai. In ƙawarki tana biki kin san abin da za ki kai, kin kuma san ranar naki za ta rama har da ƙari. Muna yin adashi ba takarda ba hatimi, shekara da shekaru. Dillaliya tana ɗaukar kayan wannan gida ta kai wancan, ta ci la'adarta, kowa ya gamsu. Amma da an zo ga sana'a sai kishi ya shigo, mace ta ƙi gaya wa 'yar'uwarta inda take saro kaya, ta gwammace aiki ya lalace a hannunta da ta ga wata ta samu.

Ku duba fa. Matar da ta kawo miki ɗinki, ita ce dai za ta nemi mai kitso, da mai lalle, da mai humra da turaren wuta, da mai cincin. In ku biyar ne a layinku, kowacce da sana'arta dabam, kowacce kuma tana da mutum 20 masu zuwa wurinta, ranar da kuka yarda za ku riƙa nuna wa mutanenku ƙofar juna, kowacce ta sami hanyar kaiwa ga mutum 100 ba tare da ta fita zaure ba. In kuwa sana'arku ɗaya ce, sai ku raba aikin. Ƙwararriya ta yanka, ta ɗinka na manya, mai koyo ta ɗinka na yara, a yi yarjejeniya tun farko a kan abin da kowacce za ta samu. Wadda kika ce wa, "Na cika, amma ga wance, na yarda da hannunta," ba za ta guje ki ba, domin kin fitar da ita kunya. Wadda take gudu ita ce wadda ɗanta ya je idi da tsofaffin kaya saboda ke.

Wajen sari ma haka ne. Mai sayen mudu da mai sayen buhu ba kuɗi ɗaya suke biya ba. Mata huɗu masu tuya in suka haɗa kuɗi suka aiki mutum ɗaya amintacce ya sayo buhun fulawa da na sukari da jarkar mai, kuɗin mota sau ɗaya za a biya, a zo gida a raba da mudu a gaban kowa. Mu nan Kano an san inda kome yake: atamfa da shadda a Kantin Kwari, inda har daga Maraɗi da Damagaram ake zuwa sari, sukari da fulawa da mai a kasuwar Singa, hatsi a Dawanau. Kowane gari kuma yana da nasa wuraren. 'Yan'uwanmu na Kaduna da Jos da Zariya suna da wata dama ta ƙari, domin can maƙwabta suna Kirsimeti ran 25 ga Disamba, ga sabuwar shekara a bayanta, kuma cincin da ɗinki da kitso ba su san bambanci ba. Haɗa jari yana da wani amfani wanda ba a faye faɗi ba: ranar da ƙanwar miji ta zo neman bashi, kina iya ce mata, "Ki yi haƙuri, kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai," kuma ba ƙarya kika yi ba.

Adashin ma a yi shi da dabara. Mai sana'ar Salla ta roƙi uwar adashi a sa kwasarta a Rajab ko Sha'aban, ba bayan Salla ba, lokacin da kuɗin za su tafi a anko. A rubuta zubi, a yi shi da waɗanda aka san gidajensu. Adashin da ake shiga ta waya da mutanen da ba ki taɓa gani ba, da masu cewa ki kawo kuɗi su ninka miki kafin Salla, ki yi nesa da su. Wayar dai tana da amfaninta. Mata da yawa yanzu suna ɗora hoton aikinsu a WhatsApp, masu so su yi magana, su turo kuɗi. Sai dai kada ki saki kaya don an nuna miki saƙo wai an tura. Ki duba asusunki ki ga sun shiga tukuna. Kada kuma ki ɗora hoton fuskar matar mutane don kin yi mata lalle ko kitso, sai da izininta.

Wata za ta ce, ai kome na Allah ne, shiri ba ya hana abin da zai faru. Haka ne. A 2020 azumi ya zo a cikin kullen cutar korona, aka rufe kasuwannin Kano, hawan Salla ma ba a yi ba. A farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi bayan an sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, ga azumi ya ƙarato. Ran 29 ga Mayu na wannan shekarar aka janye tallafin man fetur, kuɗinsa ya ninka fiye da sau biyu, saura wata ɗaya Babbar Salla. Ba mai sana'ar da ta hango waɗannan. Amma a unguwarmu na lura, waɗanda suka fi saurin miƙewa su ne masu ɗan kaya a ajiye, da masu abokan sana'a waɗanda za su ranta musu mudun sukari ko su karɓar musu kuɗi a asusunsu.

Ku kuma 'yan mata 'yan makaranta, da ku nake. Ni malama ce, kuma kowace shekara in Salla ta matso ina ganin yadda benci yake zama wayam, waɗanda suka zo ma gyangyaɗi suke yi, don sun kai dare suna tallar ƙosai ko kai ɗinki gida-gida. Iyaye mata, uwa tana da hakkin 'yarta ta taimake ta, amma ribar kwana 10 ba ta kai a ce yarinya ta faɗi jarrabawa ba, balle a tura budurwa lungu da faranti bayan isha'i. Wadda ta karɓi aiki daidai ƙarfinta, ta kuma sa masu kaya su aiko a karɓa, ba ta bukatar wannan. Ke kuma ɗaliba, akwai taimakon da ya fi talla. Ki zama mai riƙe wa Inna littafi. Ki ja layi, ki rubuta sunan mai kaya, da abin da ta kawo, da awonta, da abin da ta bayar, da saura, da ranar karɓa. Ki yanko ɗan ƙyalle daga zanen ki maƙala a gefen sunan da allura don kada a rikita. Tarawa da ɗebewar da muke koya muku a aji, ga wurin aikinsu nan.

In an yi Salla da mako ɗaya, kafin kuɗi su ƙare a hannun mutane, a aika a karɓo sauran bashi, abokan sana'a su zauna su buɗe littafi, a ware jari gefe guda. Tsakanin Ƙaramar Salla da Babba kwana 70 ne ko ƙasa da haka kaɗan, kuma cinikinsu ba iri ɗaya ba ne. A Babba kuɗin maza wajen rago suke tafiya, ɗinki yakan ragu, sai yaji da kayan ƙamshi da man gyaɗa da aikin dambun nama su yi kasuwa. Mai kiwon ragon sayarwa kuwa ta riga ta san nata shirin watanni ne, tun daga tanadin dusa da harawa da kaka.

Maƙwabciyar tawa dai ta sake hali, ko da yake sai da aka sha fama da ita. Yanzu in azumi ya kai 10 sai ta rufe karɓar aiki, 'yarta ta aji biyu a sakandare ita ke riƙe da littafi, yarinyar nan ta gida biyu kuma ita ke ɗinka duk kayan yara, suna raba kuɗin kashi uku, biyu nata, ɗaya na mai yanka. Kuɗin ɗinkin waccan shekarar kuwa, har yau akwai na kala 6 a hannun dangin mijinta.